Ku Koyar a Samaru, Mu Saya a Kano

Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran Zage-zagin da ke wuni a ƙofar gida suna gyara wa masu wucewa nahawu.

Labari ya iso mana Kano cewa autarka ta zauna cike fam ɗin JAMB, ka miƙa wuya ta bayanta kana jiran ka ga likitanci ko aikin lauya, sai ka ga yarinya ta zaɓi wasan kwaikwayo. An ce ka yi salati har maƙwabta suka fito. An ce ka haɗa ta da kawunnanta, ka haɗa ta da gwaggonta ta Tudun Wada, ka haɗa ta da limamin unguwa, ta saurari kowa cikin ladabi, kanta a sunkuye, da suka gama ta ce ita dai shi take so. Yanzu ka saduda, saura tambaya guda: wace makaranta? Kuma a duk faɗin garin da kuke wa kirari da birnin ilimi ka rasa wanda zai ba ka amsa, sai da ka aiko wa ɗan kasuwar Kano. Madalla. Daman mun san ranar za ta zo.

Ban ga abin salati ba tukuna. Gado yarinyar ta yi. Wanda ya taɓa zuwa karɓar bashi wurin Bazazzage ya san ba a koya muku kwaikwayo: murya ta shaƙe, ido ya kawo ruwa, a jawo aya a jawo hadisi, har mai bin bashin ya koma gida yana neman gafarar Allah. Bar ta wasa ma. Marigayi Kasimu Yero, wanda iyayenmu suke barin tuwo ya huce saboda Karambana da Magana Jari Ce a talabijin, naku ne. Shu'aibu Maƙarfi da ya rubuta Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu ɗan ƙasar Zazzau ne, kuma littattafan wasannin da aka yi ta bulale mu a kansu a sakandare daga maɗaba'ar garinku suka fito. To, in 'yar gidan ta ce za ta ɗauki sana'ar gidan, kukan na mene ne?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda na ji kana bin dillalan makarantun waje, wannan ya ce maka Sayifurus, wancan ya ce Indiya, kana ta lissafin dala da yatsun da ba su taɓa riƙe ta ba. Malam, daga ƙofar gidanka zuwa Samaru kuɗin Keke Napep ne. Shekara nawa kana wuce babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ko sau ɗaya ka taɓa tambayar me ake yi a cikin ginin ƙasar nan da ɗalibai ke kira ƙauyen dirama? Na san amsar. Ka ɗauka rumbunan tsangayar noma ne.

Bari Bakano ya karantar da kai tarihin garinku. A 1975 aka fara koyar da dirama a jami'ar, a ƙarƙashin sashen Turanci, da zuwan wani Bature mai suna Michael Etherton wanda ya taso daga Jami'ar Zambiya. A tsakiyar shekarun 1970 ne wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, wanda ke koyarwa a jami'ar, ya tsara musu gidan wasa. Bai kwaikwayi dogon zauren Turawa mai labule da kujerun alfarma ba. Ya dubi gidan Bahaushe, ya sa magina suka ɗora katangar ƙasa da zagayayyun ɗakuna kewaye da fili, yadda 'yan wasa za su iya ɓullowa ta kowace kusurwa, 'yan kallo kuma su zauna kusa da su har suna jin numfashinsu. Masana gine-gine na duniya sun yi rubutu a kan wurin nan. Kai da kake shan ruwan Zariya ba ka san da shi ba.

Ginin ma ba shi ne abin da ya fitar da sunan Zariya ba. Malaman wurin, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah daga baya, sun ƙi yarda ɗalibi ya ƙare karatunsa yana haddace Shakespeare a cikin aji. Sai suka riƙa kwasar yara suna kai su ƙauyuka, Soba da Maska da Bomo, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Ɗalibi zai zauna da manoma, ya ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, ko taki ne da ba ya isowa, ko gona da aka karɓe, ko rijiya da ta ƙafe. A dawo a haɗa wasa da maganganun da aka jiyo, babu rubutaccen littafi, a koma dandalin ƙauyen a yi shi da Hausa. Ana cikin yi sai a tsaya a tambayi jama'a: ku a ganinku me mutumin nan ya kamata ya yi? Wani dattijo ya miƙe ya ce ba haka ake yi ba, a ce to Baba shigo ka nuna mana. Wannan salon, da ake kira wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, Zariya na cikin wuraren da suka raine shi a Afirka, kuma sashen ya ci gaba da tura ɗalibansa cikin unguwannin Samaru su yi irinsa. Yarinyar da ta bi ta wannan hanya za ta fito ta iya abin da jarumai da yawa ba su iya ba, wato sauraron yadda mutane ke magana da gaske.

Ka ga na yabe ku sakin layi biyu cur. Ka adana jaridar nan, ba za a sake ba.

Na san abin da za ka ce idan na ambaci Jami'ar Bayero. Za ka gyara zaman hula ka tuna mini cewa Kwalejin Abdullahi Bayero reshen jami'arku ce kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977, kuma sashenmu na wasan kwaikwayo jiya-jiya aka buɗe shi idan aka gwada da naku. Duk gaskiya ne. Za ka ƙara da cewa mu ne gwamnatin tarayya ta ce za ta gina wa alƙaryar fim a Kofa a 2016, muka yi ta hayaniya har aka fasa. Wannan ma na ji, ba sai ka maimaita ba. Amma faɗa mini, ɗalibin da ya gama a Samaru, in yana son a biya shi kuɗin abin da ya koya, motar ina yake shiga a Kwangila? Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa a Kano take ci. Kaset ya zo ya wuce, faifai ya zo ya wuce, 'yan Ƙofar Wambai masu sayar da su sun canja sana'a, aka koma YouTube da Arewa24, amma ofisoshin na nan a titin gidan zu. Ɗalibin Bayero zai iya fitowa daga lacca da azahar, la'asar ta yi masa a lokeshan yana riƙe wa wani fitila. A jami'ar nan kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana nazarin finafinan Hausa tun lokacin da sauran malaman jami'a ke ganin abin bai kai su ɓata alƙalami ba. Ku kuna da makaranta, mu muna da masu saye. Ko fim ɗin sarauniyarku Amina da Netflix ta saka a 2021, Izu Ojukwu ne ya ba da umarninsa, kuma da Turanci. Kuna zaune gindin Kufena kuna muhawarar ko ta yi aure ko ba ta yi ba, wasu suka zo suka ɗauke labarin.

Sai dai duk wannan cacar baki tsakanina da kai ce, ba ta amfani yarinyar da komai. Tambayar da ya kamata ka fara yi, wadda na tabbata ba ka yi ba saboda Bazazzage lacca ya iya ba tambaya ba, ita ce: a cikin harkar, me take son ta yi? Kai da ka ji wasan kwaikwayo, abin da ya faɗo maka a rai shi ne rawa da waƙa a gindin bishiya. Alhali abu ne mai rassa. Akwai mai hawa dandamali. Akwai mai ba da umarni. Akwai mai rubuta labari ya tsara shi fitowa-fitowa. Akwai mai haɗa fitilu, da mai tsara sutura da kwalliya, da mai gina ɗakin sarki da katako da buhu cikin dare ɗaya, da mai riƙe kuɗin ƙofa da lissafin tafiya. Akwai mai kyamara, da mai ɗaukar sauti, da mai tace hoto a kwamfuta. Makarantar da ta ƙware a wannan ba lallai ta ƙware a wancan ba, kuma sunan jami'a ba ya gaya maka komai a kan haka.

In dandamali take so, da rubutu, da aiki cikin jama'a, to ta zauna a gida, Samaru ta ishe ta. In kuwa idonta na kan kyamara ne, ni da kai duk mun faɗi, domin Jos za ta. Can Hukumar Finafinai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, kuma a ƙarƙashinta akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke ba da difloma, da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Ita kanta Jami'ar Jos tana da sashen wasan kwaikwayo da fim. A garin kuma akwai Kwalejin Talabijin ta NTA, wadda, don kada ka ce ban yi maka adalci ba, digirinta da sunan jami'arku yake fita. Ka sayo mata rigar sanyi kawai. In kuma tana da ƙarfin halin yin nisa, Ibadan ce uwa: tun farkon shekarun 1960 aka buɗe makarantar dirama a can, Wole Soyinka ya taɓa shugabantar sashen. Ilori ma tana da sashen da ya haɗa wasa da kiɗa da rawa wuri guda, wanda Farfesa Zulu Sofola ta jagoranta, macen da ta fara zama farfesar wannan fanni a Afirka. Ka faɗa wa gwaggon Tudun Wada wannan, tunda ta ce ba karatun mata ba ne.

Kowacce kuka nufa, kada ka zaɓa daga hoton da ke intanet. Kowace makaranta tana da hoton kyamara mai kyau. Ka sa takalminka ka je. Ka nemi ɗaliban aji uku, ba shugaban sashe ba, domin shi aikinsa ne ya yaba. Ka tambaye su wasa nawa suka hau dandamali suka yi a zangon da ya wuce, a gaban 'yan kallo na gaske. Ka tambaye su ko kyamarar nan ta cikin hoto an taɓa bari sun riƙe ta, ko tana kulle a kabad ana jiran ranar da baƙi masu tantancewa za su zo. Ka tambaya ko malaman suna shirya wasanni da kansu har yanzu, ko sun koma rubuta maƙalu don ƙarin girma. Sashen da ɗalibi zai shekara huɗu a cikinsa yana kwafar tarihin wasannin Girkawa daga allo, bai taɓa manta layinsa a gaban mutum ɗari ya ji gumi na bin bayansa ba, wannan ba abin da ya koya masa illa cin jarrabawa. In an ba ka dama ka zauna ka kalli gwaji guda daga farko har ƙarshe. Za ka ga darakta ya sa a maimaita shigowa ɗaya har sai ka gaji kai da kake zaune, kuma a nan za ka gane ko 'yarka za ta iya.

Sannan ka tambayi lokacin gwajin, domin nan ne za ku yi rigima da uwarta. Lacca da rana ake yi, gwaji kuwa sai yamma, kuma idan ranar wasa ta matso yakan kai dare. Yarinyar da ke kwana a cikin makaranta ba ta da matsala. Wadda za ta riƙa neman abin hawa daga Samaru zuwa cikin birni bayan isha'i tana da ita. Ka nema mata ɗakin kwana tun da wuri, ka daina cewa ai gida kusa ne don kada ka biya.

Batun takardu ba shi da tsawo. Ta tabbata tana da kiredit biyar, da Turanci da adabin Turanci a ciki, kuma ta saka adabin a darussanta na JAMB. Yara da yawa a nan suke faɗuwa, sai an zo tantancewa a ga babu shi. Ka duba ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da kwas ɗin a makarantar da kuka zaɓa, don kada a gama a rasa zuwa bautar ƙasa. Shekara huɗu ne a rubuce. Ka ƙara da addu'a, tunda yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Akwai wani abu da ba na jin masu ba da shawara suna faɗa, kuma ya dame ni. Sassan nan duka da Turanci suke koyarwa. Za ta karanta Soyinka da Ola Rotimi da Femi Osofisan, ta karanta Attahiru na Ahmed Yerima, wanda shi ma ya koyar a jami'arku, ta san Stanislavski da Brecht. Duk suna da amfani. Amma ranar da ta fito, mutanen da za su kalle ta da Hausa suke dariya, da Hausa suke kuka. Na sha ganin rubutun masu digiri wanda tsarinsa ba shi da makusa, amma da jarumi ya buɗe baki sai ka ji Turanci ne sanye da babbar riga. Tsohuwa a cikin fim tana magana kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai. Maganin abin yana nan cikin jami'ar: ta riƙa tsallakawa sashen harsunan Afirka tana ɗaukar darussan adabin Hausa, ta karanta Uwar Gulma da Wasan Marafa da Kulɓa Na Ɓarna, ta san tashe da wasan gauta da 'yan kama, ta san dalilin da ya sa Nalako ke tara jama'a a Kano duk azumi ba tare da fosta ba. Sauran kuma ta samo shi a bakin kakarta. Hausar Zazzau ce dai, amma da babu gara ba daɗi, in ta zo Kano ma gyara mata.

Na san gardamar da ka ɓoye ta ƙarshe, wadda kake jin ita ce za ta kashe bakina. Za ka ce Ali Nuhu ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ga shi tun Janairun 2024 shi ne shugaban Hukumar Finafinai. Za ka ce marigayi Rabilu Musa Ibro gandiroba ne, marigayi Samanja soja ne, wane sashe suka shiga? Babu. Baiwa ba a aji ake raba ta ba, kuma in 'yarka ba ta da ita, ko Landan ka kai ta haka za ta dawo. Amma ka lura da abin da masana'antar take kuka da shi yau. Ba ta rasa kyawawan fuskoki ba, kullum mota na sauke su. Abin da ta rasa shi ne wanda zai rubuta labari mai zango goma bai warware a na uku ba, da wanda ya san inda ake ajiye fitila fuskar baƙin mutum ta fito, da wanda zai ɗauki sauti ba a jin janareta. Tun da aka koma dogon zango irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, marubuci ya yi tsada. Waɗannan koyonsu ake yi, kuma wanda ya koya a tsare cikin shekara huɗu ya huta da shekara goma ta lalube.

Sai maganar da ta hana ka barci, wadda ba ka rubuto ba amma na karanto ta: kada a ce da 'yarka 'yar fim, kada manema su gudu. Ba zan yi maka zolaya a kan wannan ba, domin ni ma uba ne, kuma na san bakin mutanenmu. Abin da zan ce shi ne, digirin nan ba hanya ɗaya yake fita ba. Waɗanda suka yi shi suna gidajen rediyo da talabijin, suna koyarwa, suna rubuta wasannin faɗakarwa na rigakafi da karatun 'ya'ya mata ga ƙungiyoyin agaji, da yawansu ba a taɓa ganin fuskarsu a allo ba. In kuma gaban kyamarar ta zaɓa, gara ta shiga da ilimi da takarda da uba tsaye a bayanta, ta san yadda ake karanta yarjejeniya kafin a sa hannu, ta san dokokin hukumar tace finafinai da ke aiki a Kano tun 2001, da ta shiga a ɓoye ta hannun wanda ba ka sani ba. Mutunci tarbiyyar gida ce ke riƙe shi, kuma duk da kai Bazazzage ne, na shaida uwar yarinyar ta yi ƙoƙari.

Saboda haka ka sallami dillalan nan, ka ajiye dalar da ba ka da ita. Ka zaunar da yarinya ka tambaye ta, ka kuma yi shiru har ta gama magana, na san zai yi maka wuya. In ta ce dandamali, Samaru. In ta ce kyamara, Jos. Bayero ta saka a zaɓi na biyu, mu ba ma fushi, ko ta ina ta bi nan za ta ƙare.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka tun yanzu. A ajin ƙarshe za a ba su wasan da za su shirya da kansu, a gayyaci jama'a, kuma akwai tikiti a ƙofa. Kada ka je ka tsaya kana gaya wa yaran da ke karɓar kuɗi cewa kai ne mahaifin darakta. Ka zo da kuɗinka, ka haɗo da nawa, da na man motar da zan ƙona daga Kano.